Zagayen Mukayyif a Hindawiyya

Gidan da muka yi haya a unguwar Hindawiyya ta Makka bene ne mai hawa uku, tsoho, bangonsa bulo tsura, ba a sa masa komai a tsakiya don tare zafi ba. Rana tana ɗagawa zai fara sha, kafin azahar ba ka isa ka jingina bayanka da shi ba. Kowace shigifa tana da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, irin na da, wanda ake huda bango a cusa, mai ƙara kamar injin markaɗe. Yana hura sanyi, bango yana shanyewa.

Tun kafin in yi wayo matan gidan suka samo wa kansu dabara. Maimakon kowacce ta kunna nata tana ƙona wuta a banza, sai a taru a ɗaki ɗaya daga azahar zuwa la'asar, yau wurin wannan, gobe wurin waccan. Zagaye muke ce masa. Wadda abin ya faɗo kanta za ta rufe tagogi tun da hantsi, ta toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma, ta dafa shayi. Sauran su shigo da aikin hannunsu, mai yankan kuɓewa, mai ɗinki, mai kitso. A nan ake sasanta rigima, a nan kuma ake ƙulla sabuwa. Inna, mahaifiyata, ita ke raba wurin zama, kuma ba ta taɓa ba kowa gaban mukayyif ba sai mai ciki ko mara lafiya. Akwai wata tsohuwa Basakkwaciya a hawan ƙasa da ba ta sallama sai ta ce, "Mi kunka dafa muna?" Ina kewar wannan ɗakin har yau, da cunkosonsa da warin man zafinsa.

Sai zuciyar Inna ta fara ba ta wahala. Wata bazara ta yanke jiki ta faɗi a matakala, tana saukowa zagaye. Likita ya faɗa mana ƙarara cewa idan ta sake yin wata bazarar a irin wannan zafin, to kada mu zo muna tambayarsa.

Yayana gyaran mukayyif yake yi a titin Mansur, kuma mutum ne da idan ya ji sabon abu sai kowa ya ji shi. Ya dawo da labarin cewa yanzu doka ta ce dole a yi wa gini azal, wato a sa masa abin da ke hana zafi ratsa bango da rufi. Ya ja ni muka tafi wurin mai gidan, wani dattijo haifaffen Makka, jikan mahajjatan da suka zo ta Sudan suka zauna. Ya saurari Yaya har ya gama, sannan ya tura masa finjalin gahawa.

"Ya waladi, ɗana, dokar nan ta sabon gini ce," in ji shi. "Tsohon gida irin nawa an ɗauke masa. Ni ba ruwana da ita sai ranar da na rushe na sake ginawa."

"To Ammu, ko rufin kawai a yi wa, saboda Inna."

"Rufin nan ba zai ɗauki komai ba, wallahi. In na taɓa shi, halas, shi ke nan, sai dai in rushe duka. Kuma in na gina sabo, kai ma ka san ba ku ne za ku zauna a ciki ba."

Na fito ina ta huci. A ganina an ba wa mai gida mafaka ne, an bar masu haya suna gasuwa. Har yanzu ban canja ra'ayi ba. Amma da muka ba Inna labari, sai ta tashi zaune ta nuna Yaya da yatsa.

"Kai, kada ka sake komawa. So kake ka tuna masa da rushewa? Ina kake so matan nan su nufa?"

Ita a wurinta wannan ɗaukewar da aka yi wa gidan ita ke riƙe da mutanensa wuri ɗaya. Mu kuwa maganar likita muke ji. Muka yi ta fama da ita, da lallami da faɗa, har ta gaji ta ce mu yi yadda muka ga dama.

Muka kama mata shagga, wato sashen haya, a wata sabuwar imara, dogon bene can bayan gari, mai azal ciki da waje, gilashin taga ninki biyu. Ka kunna mukayyif kaɗan, sanyi ya wuni. Jikinta ya yi kyau, kumburin ƙafa ya saɓe. Sai dai a imarar kowa yana da sanyinsa, ba wanda ke da dalilin ƙwanƙwasa ƙofar wani. Matan Hindawiyya sun zo ganin gida sau ɗaya, sun yaba, sun koma, don tafiyar da nisa kuma yawancinsu ƙafa ta ƙi. Inna takan zauna da rigar sanyi a tsakiyar bazara, ta dafa shayi cikin babbar buta, mu sha kofi biyu, sauran ya huce.

Wata rana na dawo daga aiki da wuri, bayan azahar, na ji hayaniya daga ɗakinta. Na leƙa. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya, wayarta a kan matashi kusa da kunnenta. Ashe kullum sai ta kira ɗaya daga cikin matan zagaye, ta ce a ajiye wayar a tsakiyar ɗaki. Ba ta cewa komai, su ma ba da ita suke ba. Ana ta musu a kan farashin kuɓewa, wani jariri yana tsala kuka.

Na ɗauka barci ya kwashe ta, na miƙa hannu a hankali zan kashe. Ta riƙe min wuyan hannu, idonta a rufe.

"Bari, 'yar nan," ta ce. "Ba su tashi ba tukuna."