Ranar da Kwanonmu Ya Dawo a Rufe

A layinmu na Ƙofar Marke magidanci ba ya cin tuwon dare a cikin gida. Da an sallame magariba sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Baffa, kowane gida ya fito da kwanonsa, maza su zauna su yi ciyayya. Haka na buɗe ido na gani, haka na bari da aka kai ni ɗakin miji, haka kuma na dawo na iske bayan rasuwar maigidana. Baffa ba ɗan'uwan Baba ba ne na jini. Baduku ne, amininsa tun suna yara, gidansa na jikin namu, kuma ban taɓa kiransa da wani suna ba sai wannan.

Ciyayya tana da dokokinta, ko da yake ba wanda ya taɓa zama ya lissafa su. A buɗe kwano ɗaya a ci, a ture a jawo wani, har a zagaye duka. Dole kowa ya sa hannu a kowane kwano. In ka tsallake na wani gida, kafin a kira isha'i labari ya isa kunnen matar gidan, gobe kuma matarka ba za ta samu gaisuwa mai kyau ba. Mu mata jarrabawarmu ke nan ta kullum. Inna, mahaifiyata, ba ta ajiye kwanonmu in ya dawo sai ta ɗaga murfin. In ta ga an suɗe shi tas sai ta ce miya ta yi. In an rage, ta kwana tana tambayar kanta ko gishiri ne ya zarce.

Baba mutum ne mai son ci, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. Tuwon shinkafa, tuwon dawa, dambu, duk wanda aka buɗe sai ya yi masa adalci. In ya shigo gida kuma ga furarsa tana jiransa, wadda yake zuba wa suga har sai ludayi ya ji shi a ƙasan ƙwarya. Ya daɗe yana fama da kumburin ciki da taurin bayan gida, amma a wurinsa wannan ba ciwo ba ne. Ya jiƙa kanwa ya sha, ya yi gyatsa, ya ce an gama.

Wata bazara ce muka fara lura. Ruwa yake sha kamar ana zuba wa rairayi, buta ba ta hutawa, riga kuma ta fara yi masa yawa a kafaɗa. Ya ce zafin Sakkwato ne. Na ce zafin nan dukanmu muke sha, me ya sa shi kaɗai yake ramewa? Da ƙyar da roƙo na kai shi asibiti. Aka ɗebi jini aka auna, likitar ta ce ciwon suga ne.

Mace ce mai haƙuri, ta zauna ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce ba yunwa za a sa shi ba. Tuwo zai ci, amma kada ya wuce misalin dunƙulen hannunsa, sauran wurin a cike da ganye da wake da kifi. Fura kaɗan, ba suga, lemon kwalba kuwa a yi sallama da shi. Ya riƙa ci a kan lokaci, ya sha ruwa sosai, ya ɗan taka bayan ya ci, kada kuma ya yi wasa da maganinsa. Baba ya dunƙule hannunsa ya dube shi da kyau, ya ce, “Likita, wanga ai ɗanɗanon gishiri na.” Ta yi dariya, ni ban yi ba.

A cikin keke napep muna komawa, da muka kusa gida sai ya ce, “Kak ki hwaɗa ma kowa. Ba ni son a riƙa dubana awa wanda yaƙ ƙare.” Na gane abin da yake gudu. Shi ne mai sasanta faɗan layi, shi ne na gaba wurin ɗaukar makara. Ya sha ganin yadda ake yi wa mai wannan ciwo: kowa ya zo da saiwarsa mai ɗaci, kowa ya ce sannu da muryar ta'aziyya. Na yi masa alkawari, Inna ma ta yi.

Da farko ya ce zai ci gaba da fita, zai dai riƙa taɓawa kaɗan. Wane kaɗan! Wanda ya san tabarmar nan ya san ba a taɓa kaɗan. Da ya janye hannu sai a ce, “A'a, yau mi as same ka? Ko tuwon gidanmu ya yi ma laihi?” Baffa kuma, kamar yadda suka saba yi wa juna tun tasowarsu, ya turo masa ɓangaren da miya ta fi kwanciya. Da muka koma awo sugan bai sauka ba. A nan na murtuke fuska. Na ce ko dai ya gaya musu, ko ya zauna gida ya ci abin da muka dafa masa. Ni malamar makaranta ce, na saba a ce min to. Baba ya kalle ni ya ce, “Doka ta zaka gidana.” Amma ya zaɓi zaman gida.

Gaskiya ni da Inna mun yi ƙoƙari. Yau kwaɗon zogale da ƙuli, gobe na rama, jibi tafasa. Miyar sure da ganye fal, ɗanyar kuɓewa, wake da alayyafo, kifin da nake sa a kawo mana daga Kwalkwalawa. Wata abokiyar aikina 'yar Filato, ita kaɗai na gaya wa, ta kawo min acca ta koya min yadda suke gwatenta da ganye mai yawa. Baba ya ɗanɗana ya ce abincin tsuntsaye ne, amma ya share kwanon. Ba a daɗe ba cikinsa ya sake, kumburin ya tafi, kanwa ta huta. Sugan ma ya fara sauka. Ni har wani taku nake yi a tsakar gida don jin daɗi.

Shi kuwa ba daɗin da yake ji. Yakan zauna a bakin ɗakinsa da ɗan kwanonsa, ya juya mana baya, don namijin da ya kai shekarunsa bai saba a ga bakinsa yana motsi a gaban mata ba. Daga waje muna jiyo dariyar mazan layi, shi ma yana ji. In an yi wata shewa sai in ga hannunsa ya tsaya a cikin kwano. Ya daina tsokanar Inna, ya daina tambayar labarin makaranta. Tausayinsa yakan kama ni, sai in tuna awon jini in danne. A masallaci in sun tambaye shi sai ya ce gajiya ce, ya yi sauri ya shige gida.

Duk wannan lokaci Inna ba ta fasa fitar da kwanonmu ba. Tuwo cikakke, miya mai kyau, kamar yadda ta saba. Ta ce ko maigida bai fita ba, gidan ai yana nan.

Wata ranar Litinin kwanon ya dawo da nauyinsa. Inna ta ɗaga murfin, ta ga malmalar tuwo yadda ta jera su, ko yatsa ba a sa ba. Ta zauna a kan turmi. Tun da aka kawo ta gidan nan amarya ba a taɓa yi mata haka ba. Ni kuwa raina ya ɓaci, na ɗauki mayafi zan fita in ji dalili. Ta ce in zauna, wannan ba maganar yara ba ce, ni da ke da 'ya'ya har sun tasa.

Da safe ita ta shiga wurin matar Baffa. Ta dawo idonta jajir. Baba yana zaune yana shan kokonsa marar suga, ta tsaya a kansa ta ce, “Malam, ka san abin da aka hwaɗi garin ga? Cewa aka yi kana zargin an sa maka wani abu cikin tuwo. Sun ga ka rame, sun ga ka bar cin na kowa sai na hannuna. To mi kaka so su ce? Matar Baffa kuka takai, wai ita aka nuhi, don kwanonta kaf hi ci.”

Ban taɓa kawo wannan a raina ba, amma da ta faɗa sai na ga ba wata fassara da ta fi ta kusa. A wurinmu mutum ya rame, sannan ya janye hannunsa daga kwanon maƙwabta, ai ya gama magana. Mutanen da suka ci tare tun kafin a haife ni suna zaune suna duban juna, kowa yana tunanin ko shi ake zargi da sammu. Baba ya ajiye kofin. Wunin ranar ko ƙofar gida bai leƙa ba.

Da aka sallame magariba ya shigo ya ce wa Inna ta ba shi babban kwanon, ta kuma haɗa masa nasa na ganye. Ya ɗora ɗaya a kan ɗaya ya fita da su da kansa. Na bi shi har zaure na laɓe a bayan ƙyaure. Na san ba kyau, amma ƙafata ta ƙi komawa.

Ya yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Na ji ya ajiye kwanonin, ya gyara murya.

“Jama'a, ku gahwarce ni,” in ji shi. “Ni ba ni zargin kowa, wallahi ko cikin mahwalki. Ciwon suga ag gare ni. Likita tac ce in rage tuwo, ni ko na kasa ragewa gabanku, kunya kuma ta hana ni hwaɗi. Shi ke nan abin da aka ciki.”

Can wani ya ce, “Haba Malam! Don wanga kab bar mu muna zargin kanmu?” Sai maganganu suka ɓarke, wannan ya ce sannu, wancan ya ce surukinsa ma yana da shi, wani har ya fara ambaton saiwa. Abin da Baba ya guda dai ya same shi, kuma bai kashe shi ba. Muryar Baffa kaɗai ce ban ji ba. Sai da hayaniyar ta lafa ya yi magana, a hankali.

“Ni nis sa anka maida kwanon ga jiya. Na ji zahi ƙwarai.” Ya ɗan tsaya. “Amma tunda ka hwaɗi, bari ni ma in hwaɗi. Ciwon ga ina da shi tun kahin a yi ma ɗiyakka arme. Sun ce in rage tuwo, in bar zaƙi. Nic ce tabarmag ga ƙohwag gidana aka shimhiɗa ta, in na janye hannu mi za ni ce muku? Sai nic ci gaba da ci. Yanzu ga shi zare ba ni gani, ɗumkin ma da lalube nika yin shi.”

Na dafe ƙyaure. Na tuna yadda a 'yan shekarun nan ba ya gane ni sai na yi magana, muna cewa tsufa ne. Ko matarsa, ashe, cewa yake yi mata maganin hawan jini yake sha.

Baba bai daɗe a waje ba. Na riga shi komawa ciki na zauna kamar ban san komai ba. Ya shigo ya zauna a bakin ɗakinsa, ya cire hula ya riƙe. Ranar da aka gaya masa nasa ciwon ban ga ƙwalla a idonsa ba, amma a daren nan na gani.

“Da hannuna nika tura mashi tuwo,” ya ce wa Inna. “Kullum. In ya ce ya ƙoshi in ce ƙarya yakai.” Ya share fuska da hular. “Gobe ki ƙara ganyen ga, na mutum biyu. Ke kuma,” ya juyo wurina, “tunda kin iya doka, jibi ki kai shi wurin likitarki.”

Na kai shi. Aka daidaita masa magani, aka tura mu wurin masu duba ido. Baba ya koma tabarmarsa, matan layi suka fara haɗa ganye a gefen tuwonsu, wanda ya ce ya ƙoshi kuma aka daina matsa masa. Sugan Baffa ya sauka, ya ɗan yi ƙiba, amma likitan ido ya ce an makara, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Kafin damina ta zagayo ya ajiye basilla da fata gaba ɗaya.

Yanzu in an zauna ci, Baba ne yake matsowa kusa da shi, ya kama hannunsa ya ɗora masa a bakin kwano, ya gaya masa abin da ke ciki. Sai ya ga Baffa ya kai loma baki sannan yake sa nasa hannun.