Tsatsa a Saiwar Shinkafa

Jiya na ga ruwan rijiyar maƙwabcina a Gesse ya bar ja-ja a gindin bokiti, sai Baffana ya faɗo mini a rai. Shi ba ya yanke wa shuka hukunci daga ganye, sai ya tuge ta ya dubi saiwa.

Shekarar da na yi aure, tun ba a raba mu da jihar Sakkwato ba, ya yanka mini gona a fadamar Argungu. Ganyen shinkafata ya soma ja, na ce taki zan ƙara. Ya tuge tushe ɗaya, laka mai warin ruɓa tana ɗiga, ya ɗauraye saiwar. Ta yi jawur kamar tsohuwar fartanya.

"Ɗana, wagga tsatsa ta," in ji shi. "Akwai ƙarfe cikin ƙasa, kaɗan shinkafa ka sha ta saiwa. In ruwa ya daɗe kwance, ƙarfen ya narke ya yi mata yawa. Buɗe ma ruwan hanya."

Muka fasa bakin fangali, ruwan ya tsiyaye. Shinkafar ta farfaɗo, ita muka ci ni da amaryata har wata damina.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa.