Lokacin da Aka Ware Mini Kwano

Shekarun baya, ina karatun digiri na biyu a Wudil, aikina shi ne auna sinadaran da ke cikin abincinmu: yawan sinadarin ƙarin jini a gero da wake, yawan na ƙarfin ƙashi a kuka da zogale. Na bi gidajen Dagumawa da 'yan ledoji ina roƙon cokali-cokali, har da kukar mahaifiyata. A busar, a niƙe, a danne su zama kamar ƙwayar magani. Wasu a haska su da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, wasu kuwa sai an kai Zariya an zura su cikin injin nukiliya.

Sati biyu na yi a Zariya, na dawo kaina ya kumbura. A ƙofar gidanmu muke cin tuwo bayan Magariba, ni da abokaina mu shida a kwano ɗaya, tun muna samari. Ranar ban bar kowa ya ce uffan ba. Na ba su labarin kaurin katangar wurin, da ɗan abin da ake maƙala mana a aljihu yana auna hasken da ya shiga jiki. Har na ƙara gishiri: "Abin da ya shiga injin nan ba ya komawa gida. A tukunyar dalma ake kulle shi, ko taɓa shi ba a yi da hannu."

Wani abokina ya tsayar da lomarsa a hanya. "To, kai da ka yi sati biyu kusa da shi fa?"

Na yi dariya. Ni kaɗai na yi.

Washegari na tarar an zuba mini nawa a kwano daban. Abokin nan nawa ya sosa ƙeya ya ce, "Don Allah kar ka ɗauke shi wani abu, ka san iyalina na da juna biyu." Na rantse musu ɗan abin aljihun bai nuna komai ba, amma ina! Baki shi ke yanka wuya. Musabiha ma ta koma ta kan yatsu. Da abin ya ishe ni na daina fita, nake ci a ɗakina ina jiyo dariyarsu ta taga. Ban taɓa jin kaɗaici irin na makonnin nan uku ba.

Ni ɗan fari ne. Mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta zama inda nake, balle ci tare. Sai wata Juma'a da rana ga ta da kanta ɗauke da kwanona. Ta zauna a bakin ƙofa, ba ta dube ni ba.

"Kai, me injin naku ya ce a kan kukata?"

"Inna, taki tana cikin waɗanda suka fi sinadarin ƙashi. Kuma babu ƙasa a ciki."

"Sai da aka je Zariya aka sani?"

Ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta sa a kwanona, matan gida suna kallo. Loma uku ta yi ta tashi. Kafin Lahadi labari ya kai ƙofar gida, abokina ya leƙo yana cewa tuwon ya yi musu yawa, in fito.

Tun daga nan na koyi rage gishiri idan ina bayanin aikina. Na kuma daɗe ina alfaharin Inna ce kaɗai ta fahimci iliminmu a gidan. Sai bara ƙanwata ta yi mini dariya, ta ce ko kusa Inna ba ta yarda da bayanina ba. Da Inna ta ɗauki kwanon ranar, an ce mata kada ta je, sai ta ce: "In ma akwai abin a jikinsa, gara mu raba."