Makon da Nonon Auta Ya Ɗauke

Autarmu tana da wata biyu da 'yan kwanaki lokacin da mura ta kama uwarta. Ƙarshen damina ne, kogi ya cika ya malala cikin fadama har ya shanye hanyar da muke bi zuwa Haɗeja, sai da kwalekwale ake fita daga ƙauyenmu. Shinkafata ta fara fitar da kai, tsuntsayen jan baki sun fara sauka, kullum ina bakin gona da gwangwani ina kora. Mura kuwa ta zagaye gari, duk gidan da ka gifta sai ka ji tari.

Ba murar ce ta tayar mini da hankali ba. Kafin wannan yarinya mun binne wani yaro yana wata huɗu. Nonon uwar ne ya ɗauke, aka koma ba shi abin da aka samu, gudawa ta shige shi, bai ƙara mako biyu ba. Shi ya sa ranar da matata ta ce da ni, tana magana ta hanci, "Malam, kamar fa nonon nan ya ragu," sai wancan yaron ya faɗo mini a rai.

A gidan akwai gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta dawo wurina da zama bayan rasuwar mijinta. Ita ta dafa wa matata ruwan wankan jego, ita ke dama mata kunu. Tun ranar da murar ta fara ta ɗauke jaririyar ta kai ɗakinta, wai kada uwar ta shafa mata. Sai kuka ya yi yawa take kawo ta, ta tsaya a bakin ƙofa, da an ɗan tsotsa ta karɓe abarta. Na ga hikima a hakan, ban hana ba. Har na ƙara da nawa. Na hana matata shan ruwan randa, na ce mai mura da ruwan sanyi ba sa haɗa hanya, sai an ɗumama. Ranar kasuwa kuma na haye na sayo mata ƙwayoyi a kemis, tana sha safe da yamma. Kwana ɗaya hancin ya tsaya cak, na ji daɗi ƙwarai.

Da na kai wa Gwaggo maganar nonon, ko mamaki ba ta yi ba.

"Ai dama na sani," ta ce. "Baki ne. Matar maƙwabcin nan naka da ta shigo ta tarar ana shayarwa, me ta ce? Wai wannan nono ko saniyar ruga albarka. Ko tubarkalla babu."

Gaskiya ne ni da mijinta mun taɓa sa-in-sa a kan kunyar da ta raba gonakinmu. Wunin ranar na yi shi ina juya maganar, har da ya yi mini sallama a hanyar masallaci sai na amsa a ciki. Amma zuciyata ba ta zauna a kan matar ba, don washegari na ga wani abu. Bafillatanar da ke kawo mana nono ta shigo da sassafe, ba lokacinta ba. Maimakon babbar ƙwaryarta, wata 'yar ƙarama ta sauke, rufe da faifai, ta miƙa wa Gwaggo ta bayan rumbu. Kindirmo muke saya a gidan nan. Madarar da aka tatso da safe kuma, wa zai sha?

Ranar ban je gona ba, na bar wa tsuntsaye. Na ɗauko tsohon taruna na zauna a zaure kamar mai ɗinki, idona na cikin gida. Da Gwaggo ta zaga bayan gida da buta, na leƙa ɗakinta. Yarinyar tana barci. Na sunkuya na sunsuna bakinta, ban gane komai ba, duk bakin jariri ƙanshin madara yake. A gefen gado na ga ƙaramin cokali a cikin kofi, an wanke shi tas. Na riƙe shi ina juyawa kamar zai ba ni labari, sai na ji takunta, na ajiye na fito.

Na tambayi matata ko ta san ana ba yarinyar wani abu.

"Ni da ake kawo mini ita kamar baƙuwa? Ka tambayi masu ita."

Har ita sai da na zarga. Na ce a raina ko gajiya ta yi da shayarwar, ciwon jiki ya sa take sakin yarinyar da wuri. Wannan ban faɗa ba, kuma na gode Allah da ban faɗa ba.

A kwana na shida Gwaggo ta ce za a gwada nonon, a ga ko ciwon ya ɓata shi. A wurinmu tururuwa ake kamowa a jefa cikin nonon da aka tatsa. In ta fita da ranta, nono lafiya. In ta mutu, an daina ba yaro ke nan. Matata ta tatsa cikin ludayi da ƙyar, abin da ya taru bai kai cikin cokali biyu ba. Gwaggo ta kamo tururuwa a gindin katanga ta saka. Ta ɗan motsa ƙafafu, ta tsaya.

"To, ka gani da idonka," Gwaggo ta ce. "Daga yau sai a nema mata wani abin."

"Gwaggo, a dai ƙara ko kwana ɗaya."

"Kai ka san shinkafa, ɗan nan. Wannan ba shinkafa ba ce."

Matata ba ta ɗaga kai ba, surukuta ta hana. Sai da Gwaggo ta fita ta jawo bakin rigata.

"Malam, wallahi ta murje ta tun kafin ta saka. Ina kallon yatsunta. Wannan ko a tudu ka ajiye ta ba za ta yi tafiya ba."

Har yau ban san gaskiyar wannan ba. Yatsun Gwaggo sun yi kanta da surfe, tana iya murje tururuwa ba da niyya ba. Abin da na sani, na ce wa Gwaggo za mu haye asibiti a duba ƙirjin matata, don in na ce saboda nono ne ba za ta ba da yarinyar ba. Ta ba da ita tana mita, ta naɗe ta da zane uku.

A cikin kwalekwale muna ratsa ciyawar kacalla, yarinyar ta yi ta kuka, irin siririn kukan nan da na riga na sani, wanda ba na son tunawa. Mai tuƙi ya ce, "Baba, a ba ta nono mana."

Malamar da muka samu a ƙaramin asibitin dattijuwa ce mai tabarau. Ta ɗora yarinyar a sikeli, ta shafa maɗigarta, ta buɗe bakinta ta duba. Ta tambayi sau nawa take jiƙa zane a wuni, matata ta ce ba a wurinta take kwana ba. Nan na samu ƙofa. Na fara zuba bayani a kan tsohuwar da ke gida, da 'yar ƙwaryar da aka miƙa ta bayan rumbu, da cokali, da tururuwa. Ta bar ni na gama.

"To, malam mai bincike, mun ji. Sau nawa take kama nono a wuni?"

"Uku. Wataran huɗu," in ji matata.

"Jaririyar wata biyu? Ruwa fa, kina sha?"

Matata ta saci kallona. "In an hura wuta."

"In ba a hura ba fa?"

"Sai in haƙura. An hana ni na randa."

"Wa ya hana?"

Na ce ni ne, na kawo dalilina. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi ta mayar. Sai ta tambayi magani. Na zaro kwalin daga aljihu da ƙarfin gwiwa, don a nan dai na san na yi abin kirki. Lokacin ban fara zuwa ajin manya ba, kuma ko na fara, rubutun jikinsa na Turanci ne. Ta karanta, ta dube ni ta saman tabarau.

"Ka gaya wa mai kemis shayarwa take yi?"

Ban gaya masa ba. Da na je, akwai mutane a kan benci a ƙofar shagon, cikinsu har da wani abokin wasana wanda ba ya raga mini. Namiji mai furfura ya tsaya a gabansu yana zancen shayarwar iyalinsa? Da mai kemis ya tambaya wa zai sha, sai na yi ɗan tari na ce ni ne.

"Shi ya sa ya ba ka mai ƙarfi," ta ce. "Irin wannan da yake busar da hanci, yana iya rage nono ma. Kun raba ta da 'yar, kun raba ta da ruwa, ka zo ka ɗora wannan a kai. Nono kamar rijiyar fadama yake, malam. In ana ja yana tsattsafowa, in an bar shi ya ja baya."

"Murar fa? Ba za ta sha ta a nonon ba?"

"Ba ta nono take bi ba, ta numfashi da hannu take bi. Nonon ma taimakonta yake yi. Ta wanke hannu, ta rufe hanci da baki da gyale, ta ba ta duk lokacin da ta nema, ko sau goma ko fiye. Ta sha ruwa duk sanda ƙishi ya zo, ta sha kunu, ta yi suracen ruwan zafi. Madarar shanu kuma ko ɗigo kada a ba ta."

Ta riƙe kwalin ba ta mayar mini ba. Ta ce mu lura da zanen fitsari. In bayan kwana biyu ba ta jiƙa shida a wuni da kwana ba, ko ta ƙi kama nono, ko jikinta ya saki, mu dawo ba tare da jiran komai ba.

A hanyar dawowa matata ta juya mini baya a cikin kwalekwale. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Muna shiga gida Gwaggo ta miƙo hannu za ta karɓi yarinyar. Matata ta durƙusa ta gaishe ta da goyon a bayanta, ta miƙe ta shige ɗaki. Ni aka bari da bayani.

"Malamar asibiti ta ce a bar ta wurin uwar."

"Malamar ta haifi nawa?"

"Ban tambaya ba, Gwaggo."

"Da ka tambaya. Ni tara na haifa."

Na zauna a kan turmi na bi ta a hankali, kusan awa guda. Zancen ƙwayoyin dai na tsallake shi. A ƙarshe ta naɗe tabarmarta ta shiga ɗakin matata ta shimfiɗa, ta ce in za a kashe mata jika to a yi a gabanta. Na roƙe ta ta riƙe ɓangaren abin sha, ta karɓa kamar ba ta so. Kafin magariba ta dama kunun gyaɗa cike da kwano, ta tsaya a kan matata sai da ta shanye.

Washegari abin ya fi muni. Yarinyar ta kama, ta ja, ta saki, ta tsala kuka, a sake ba ta. Hancin matata ya dawo da zuba tunda an daina ƙwayoyin, ga gyale a fuska, ga gumi. Wajen azahar na ga Gwaggo ta nufi ɗakin da kofin nan da cokali, a fili, ba ɓoyo. Na tare ƙofa. Tunda nake ban taɓa tare mata hanya ba.

"Gwaggo, don girman Allah."

"Matsa."

"An taɓa ba ta?"

"Sau biyu. Cokali bibbiyu. Sai ka kai ni ƙara wurin mai gari. Kana jin wannan kukan kuwa? Wancan ma a hannuna ya cika."

Na ce a ba ni zuwa jibi. In ba a ga sauyi ba, ni da kaina zan ɗauke su mu koma asibiti, har da ita. Sai ta juya ta zuba wa kyanwa madarar.

Daga nan aikina ya koma ƙirga zannuwa a kan igiyar shanya. Ranar farko uku. Rana ta biyu da la'asar na ƙirga biyar, sai zargi ya sake taso mini. Gwaggo ba ta son asibiti, matata ba ta son shiga ruwa da jaririya. Me zai hana su jiƙa zane da ruwan buta su shanya don in kwantar da hankali? An riga an ɗauraye su, ba yadda za a gane. Na ce daga yanzu kada a wanke sai na gani.

"Ka ji mutum," in ji Gwaggo. "Tsuntsaye na can suna walima a gonarsa, shi yana nan yana sunsuna fitsari."

Da safiyar rana ta uku na shiga ɗakin bayan na dawo daga masallaci. Matata ta ɗaga mini hannu alamar in yi shiru. Yarinyar tana kan nono, ba ta saki ba, kuma ina jin haɗiyarta daga inda nake tsaye, ƙwat, ƙwat, a jere. Gaban rigar uwar ta ɗaya ɓangaren ya jiƙe. Da ta ƙoshi ta saki da kanta, fari yana gangarowa ta gefen bakinta, hannuwanta a sake.

Gwaggo ta ɗauke ta, ta warware zanen, ta ɗora mini ita a cinya haka nan.

"Riƙe, tunda ba ka yarda da kowa ba."

Ban fi minti biyar da riƙe ta ba na ji ɗumi yana ratsa rigata har cikin wando, mai yawa. Matata ta yi dariya a cikin gyale har tari ya sarƙe ta.

"Saura biyar a cika shida," Gwaggo ta ce. "Kada ka tashi."