Ranar da Aka Kira Oga Mushe

Har gobe ban manta da wata Laraba ba, a shekarar 1999, watanni kaɗan bayan soja sun miƙa mulki. Ina ƙaramin jami'in shige da fice, an turo mana takarda cewa zamanin farar hula ne, duk wanda ya ɗaga wa mutum hannu a bakin aikinsa. Oganmu ya karanta ta kamar mai shan maɗaci.

Ku yaran yanzu ku sani, maƙwabtanmu na Nijar ba a hana su shigowa ba, takarda ake so su riƙo, su bi ta ƙofa. To amma da an gama kaka sai su ɓullo ta hanyoyin daji, da a ƙafa, daga baya a kan babur, shekarar fari kuwa abin ya ninka. Matsalar, Bahaushen can da na nan ba su da tambari a goshi. Sai Oga ya ƙirƙiro jarrabawa: ya nuna mota, in ka ce "mato", ko ka kira makaranta "lakwal", sai a mayar da kai iyaka.

Ranar muka kwaso 'yan garuwa a Gyadi-Gyadi. Cikinsu akwai wani Ilu, mutumin Nijar, wanda ya raɗa mini a mota cewa matarsa na kwance a asibiti an yi mata aiki, ba ta da kowa a Kano sai shi. Tausayinsa ya kama ni, na ɗan yi masa bita a hanya.

Ilu ya ci jarrabawa tas. Ya ce mota, ya ce makaranta, ya ce shi ɗan Darmanawa ne. Oga ya sallame shi. Sai gogan ya durƙusa don murna, ya ce, "Na gode, mushe."

Ni na yi aiki a iyaka, na san a can haka ake girmama mai ilimi, kalmar Faransanci ce. A Kano kuwa mushe sai ungulu. Oga ya juyo ya tambaye ni ko wannan ma yarensu ne na can. In na ce girmamawa ce, Ilu ya kwana a iyaka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, zagi ne. Wannan fitsarar kuwa sai ɗan Kano."

Hannun Oga ya tashi, ya tuna takarda, ya sauke shi a kan tebur. Ya ce a fitar masa da marar kunya kafin ya rasa aikinsa. Ilu ya fita yana ta mamakin laifin da ya yi.

Abin da na koya, layin iyaka a taswira yake, bai ratsa ta cikin harshen mutane yadda muke zato ba. Matar ta warke. Shekara uku Ilu na kawo mini ruwa gida a Tarauni, kullum yana ce mini mushe, ni kuma ina amsawa.