Firintar da ke ɓacewa ranar kasuwa

Yau ma matata ta aika aiki daga kwamfutarta, firinta ta yi gum. Ga takardun jarrabawar ɗalibanta ana jira da la'asar.

Abin ya daɗe yana ɗaure min kai. Firintar tana ɗakina, mun haɗa ta da wifi na gida, kowa na bugawa daga inda yake zaune. Kullum lafiya lau, amma da kasuwar Tanout ta ci, sai ta ɓace daga rezo, wato wifi ɗin, kamar an sace ta. Na sake saita ta, na canza lambar sirri, har kwamfutar matata na fara zargi.

Yau dai na leƙa zaure, inda akwatin wifi yake. Ashe an zare shi daga wuta, ga wayoyi jere suna shan caji. Na makiyayan Belbeji ne da ke sauka gidanmu duk ranar kasuwa.

Na tambayi mahaifiyata, "Inna, wa ya cire wannan?"

Ta ce, "Ni ce. Akwatin nan naka ƙyafta ido kawai yake yi. Su kuwa daji za su koma, babu wuta can. Ko ciwo ya taso, da me za su kira wani?"

Na kasa zare waya ko ɗaya. Firintar na kinkima zuwa ɗakin matata, muka jona da kebul.

Gobe zan ƙaro soket, amma na san Inna, shi ma baƙi za ta ba. Ku a gidanku, wa ke da iko da soket?