Bagaruwar Maigandi da Awakin Adawiyya

Duk wanda ya taɓa sayen jar fata a kasuwar Goronyo ya san Maigandi majemi, domin warin jima yakan riga shi isa rumfa. Mutumin wani ƙauye ne kusa da Rimawa, gajere, mai faɗin kafaɗa, hannuwansa sun rine har gwiwar hannu. Ba shi da yawan magana, amma in ya kafe a kan abu, gara ka je ka lallashi turmi.

Bai gaji gona ba. Abin da mahaifinsa ya bar masa shi ne wani ɗan kurmin bagaruwa a bakin gulbin Rima. Da 'ya'yan itacen nan ake jima: a daka, a jiƙa, a tsoma fata. Shekara talatin yana sana'arsa bai taɓa neman bagaruwa a wani wuri ba.

Sai shekarar babbar ambaliya ta zo. Ruwa ya tumɓuke manyan itatuwan, sauran kuma yashi ya binne su har ƙugu, suka bushe a tsaye. Ran da Maigandi ya fara ganin wurin, zama ya yi a kan wani kututture ya yi hawaye, bai damu da masu wucewa ba.

Maƙwabcinsa Halliru, manomin albasa, ya kai magana gaban mai gari, a share wurin a raba wa masu noman rani. Ba mugunta ba ce, mutane da yawa sun rasa gonakinsu. Mai gari ya ba Maigandi damina biyu. In kurmi bai nuna alamar dawowa ba, gatari zai shiga.

Buhu biyu na bagaruwa suka rage masa a rumbu. Ya ɓare ɗaya ya shuka ƙwayoyin layi-layi kamar gero, ya zagaye wurin da shingen ƙaya, ya ɗauki sanda ya zama mai gadi. Damina ta sauka. Ciyawa ta fara rufe yashi, tumfafiya ta biyo baya, sabara ta toho daga saiwoyin da ruwa bai kashe ba. Bagaruwa kuwa, wadda don ita ake wannan wahala, ko uku ba su tsiro ba.

Wata rana da la'asar, bayan girbi, ya jefi wata akuya da hoge. Ashe mai ita na tafe a baya: Adawiyya, tsohuwar Bafulatana mai tallan nono, wadda rugarsu ta daɗe a gefen garin. Ta sauke ƙwarya ta leƙa cikin shingen.

"Malam Maigandi, mi kaka tsaro nan ciki? Tumfafiya?"

"Iri na shibka, Inna. Awakinki na so su gama da ni."

"Ka taɓa ganin mahaifinka ya shibka bagaruwa?" in ji ta. "Ƙwayar ga tauri gare ta awa dutse. Sai akuya ta ci, cikinta ya tausasa ta, ta zubas, kana ta tsira. Awakin uwata sunka shibka ma mahaifinka kurmin ga. Kai ko ka kori masu aiki, ka zamna gadin yashi."

Da ta wuce, Maigandi ya durƙusa ya tona layi ɗaya. Ga ƙwayoyin nan lafiya lau, yadda ya binne su wata biyar da suka wuce. Kunya ta kama shi, shi da ya tsufa a gindin itacen nan.

Saura buhu ɗaya, kuma da shi zai yi jimar shekarar. Ya kwana uku yana shawara da zuciyarsa. A rana ta huɗu ya buɗe shinge, ya zazzage buhun a ƙasa, ya je ruga da ƙafarsa ya ba Adawiyya haƙuri. Duk ranin nan awakinta a wurin suke wuni, suna tuƙa suna zubarwa. Shi kuma bai jeme fata ko ɗaya ba, sai dakon albasa ya yi wa Halliru. Da ruwan farko ya sauka, ya mayar da ƙaya ya rufe.

Ƙarshen damina ta biyu mai gari ya zo da Halliru. A inuwar sabara, duk inda awaki suka kwanta, ga 'yan bagaruwa nan tsawon taƙi. Halliru ya tsuguna ya ƙirga arba'in, ya miƙe ya kakkaɓe riga.

"Ranka shi daɗe, albasa ta nemi wani wuri."

Sai da aka ƙara shekara shida kafin itatuwan su yi 'ya'ya. Adawiyya ba ta gani ba, Allah ya yi mata rasuwa damina ɗaya kafin nan, kuma abin yana cin Maigandi har yau. Buhun farko da ya tsinta bai kai shi turmi ba. Ya ɗora a ka ya nufi ruga, inda 'yarta Hassana ke riƙe da garken.

"Baba, mu ba majema ba na," in ji Hassana. "Mi za mu yi da shi?"

"Ba naku ba na, ɗiyata. Na masu aiki na."

Ya kwance bakin buhun, ya tsaya a gefe har awakin suka cinye.